Jakar ruwan hanta da hoto ya mayar ja

Wata mai ƙaramar sana'ar jakunkunan fata, wadda ta intanet kaɗai take sayar da kayanta, ta kawo min wata matsala da ta daɗe tana ci mata tuwo a ƙwarya. Jaka guda ce a cikin kayan nata, ta mata, mai hannu biyu da doguwar igiyar ratayawa, tana yin ta kala uku: baƙa, ruwan ƙasa da ruwan hanta. Ruwan hantar aka fi saya, ita kuma aka fi dawowa da ita. Baƙar da ruwan ƙasar sai jefi-jefi suke dawowa. Kusan duk wadda ta dawo da ruwan hantar magana ɗaya take rubutawa: ba wannan kalar na gani ba. Wasu su ƙara da cewa jakar ba ta kai girman da suka zata ba.

Kafin ta zo wurina ta riga ta ɗora laifin a wuri biyu. Da farko majemin da ke ba ta fata ta zarga, ko ya canza rini bai faɗa mata ba. Ta ɗauko ragowar fatar farko ta haɗa da ta yanzu, ba ta ga wani bambancin a zo a gani ba. Sai ta koma kan masu sayen, tana ganin riƙe jakar suke yi su je sha'aninsu, sannan su fake da kala su dawo da ita. Akwai masu yin haka, ba a musu. Amma da su ne, da baƙar ma ta riƙa dawowa daidai da ruwan hantar.

Da muka ajiye jakar a kan tebur muka buɗe shafinta a waya kusa da ita, ba sai an yi dogon bayani ba. Jakar da ke allo ja ce mai haske, gefe ɗaya yana ɗan karkata zuwa ruwan lemu. Ta kan tebur kuwa ja ce mai duhu da nauyi, wadda a cikin inuwa take kusa da ruwan ƙasa. Na ce mata, "Hajiya, masu sayen nan gaskiya suka rubuta miki. Wata jaka suka gani, wata aka kai musu." Ta ce, "To ai Malam, wannan jakar na ɗauka da hannuna." Ita ma gaskiya ta faɗa, shi ya sa lamarin ya cancanci a bi shi daki-daki.

Mai saye a kanti yana ɗaga kaya, ya juya shi, ya kai shi bakin ƙofa ya duba a hasken rana. Mai saye ta intanet ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, hoto ne idonsa, shi ne kuma hannunsa. Idan hoton ya kauce, asarar ba ta tsayawa a kan cinikin da ya warware. Akwai kuɗin aikawa da na dawowa, akwai jakar da za ta dawo da ƙarzuwa a kusurwa har ba ta sayuwa a matsayin sabuwa, akwai kuma sharhin mai sayen da zai zauna a ƙasan hoton kowa ya zo ya karanta. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin yawancin kaya ba tare da ya faɗi dalili ba, manyan kasuwannin intanet kuma suna da ƙa'idar da ke tsaya wa mai saye idan kayan bai yi daidai da yadda aka nuna shi ba. Ƙaramin mai sana'a shi ke ɗaukar nauyin wannan kusan duka.

Yadda aka ɗauki hoton farko

Na roƙe ta ta nuna min yadda ta ɗauki hoton, a wurin da ta ɗauka, ba tare da ta canza komai ba. Tebur ne kusa da taga, ta shimfiɗa farar takarda mai faɗi ta jingina rabinta da bango. Fitilar silin tana kunne. Wayarta mai kyau ce, ba ta da laifi. Bayan ta ɗauka sai ta shigar da hoton wata manhaja ta ƙara haske har takardar ta yi fari tas, sannan ta ɗan ƙara wa kalar ƙarfi. Babu ha'inci a zuciyarta ko kaɗan. Kowane mataki da ta ɗauka yana da dalilinsa, amma kowanne ya ɗan ture kalar gefe, kuma duk gefe ɗaya suka ture ta.

Abu na farko shi ne haske iri biyu a kan kaya ɗaya. Haske yana da launi, ana kuma auna shi da ma'aunin Kelbin. Ƙwan fitila mai ɗumi na cikin gida yana wajen 2700 zuwa 3000, yana karkata zuwa rawaya. Hasken rana tsaka yana wajen 5500. Hasken da ke shigowa ta taga daga sararin sama, ba daga ƙwayar rana kai tsaye ba, yakan wuce 6500, yana karkata zuwa shuɗi. Idon mutum yana daidaita wannan da kansa, shi ya sa farar takarda take zama fara a wurinmu ko'ina muka gan ta. Kyamara kuwa dole ta zaɓi haske ɗaya ta ce shi ne fari. Idan haske biyu suka haɗu, duk wanda ta zaɓa ɗayan zai bar launinsa a jikin kayan. A hoton nan, gefen da ke fuskantar taga ya ɗan yi shunayya, gefen da fitila ta fi bugawa ya tafi ruwan lemu. Babu wani gyara guda da za a yi a kwamfuta ya daidaita ɓangarorin biyu a lokaci ɗaya.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina shi ne tushen lamarin. Yawancin fararen fitilun LED ana yin su ne da ƙwaya mai ba da shuɗin haske, a lulluɓe ta da wani sinadari mai mayar da wani ɓangaren shuɗin zuwa rawaya. Haɗuwar biyun ido yake gani fari. Amma a cikin wannan farin, ja mai zurfi kaɗan ne ƙwarai, musamman a fitilu masu araha. Abu kuwa ba ya iya mayar da launin da ba a haska masa ba. Fatar da aka rina ruwan hanta tana buƙatar jan haske ya sauka a kanta kafin ta nuna janta. A ƙarƙashin irin wannan fitila sai ta dushe, ta koma kamar ruwan ƙasa mai datti.

A jikin kwalin fitila akan rubuta lambar CRI, wadda ke nuna yadda fitilar ke fito da launuka, 100 ne ƙarshenta. Mutum zai ga 80 ya ɗauka ya sami abin kirki. Abin da kwalin ba ya faɗa shi ne, wannan lambar matsakaicin launuka 8 ne marasa ƙarfi, kuma ja mai ƙarfi ba ya cikinsu. Shi yana da tasa lambar daban, R9, kuma fitila tana iya samun 80 a babbar lambar alhali R9 ɗinta yana kusa da sifili. Wanda ke ɗaukar hoton farin faranti ba zai taɓa lura ba. Mai ɗaukar jar fata ko jan yadi, ko fatar mutum ma, shi zai sha wahalar. Wannan ne ya sa baƙar jakar da ruwan ƙasar suka tsira, ruwan hantar ta faɗa.

Daga nan sauran ya biyo baya. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, idan aka cakuɗa shi, zai ba da ruwan toka matsakaici. Idan ka cika masa ido da farar takarda sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Takarda ta fito ruwan toka, jaka ta ƙara duhu. Hajiya ta ga hoto ya yi duhu, kasuwar da take sayarwa kuma farin bango take so, sai ta ƙara haske a manhaja. Manhajar ba ta san takarda daban jaka daban ba, duka ta ɗaga. Da bangon ya kai fari, jakar ta riga ta wuce haskenta na gaskiya nesa ba kusa ba. Ta duba ta ga jan bai fito ba, saboda fitilar ta riga ta cinye shi, sai ta ƙara wa kala ƙarfi don ta dawo da abin da idonta ya sani.

A nan wani abu ya faru da ba a gani sai an duba lambobi. Hoton JPEG, wato tsarin da waya ta saba ajiye hoto, yana ajiye kowane ɗigo da lambobi uku, na ja, na kore da na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. A jikin jan abu lambar ja ce ke kan gaba, ita ce kuma ke fara kaiwa 255. Da ta kai nan ta tsaya, ba ta da wurin zuwa. Idan aka ci gaba da ƙara haske, kore da shuɗi ne kawai ke hawa, sai launin ya sauya gaba ɗaya, ya tafi ruwan lemu ko ruwan hoda. Da na buɗe hotonta a kwamfuta, faffaɗan wuri a gaban jakar lambar jansa ta manne a 255. Shi ya sa ma ƙwayar fatar ta ɓace a wurin, ya zama sumul kamar leda.

Ƙorafin girma kuwa daga gilashin kyamarar wayar ya fito. Babban gilashin yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, daidai da milimita 24 zuwa 26 a babbar kyamara. Kafin jaka ta cika hoto da irin wannan gilashi sai an matso da waya dab da ita, abin da ke kusa kuwa yakan kumbura, na nesa ya tsuke. Gaban jakar ya yi ƙato, hannuwanta suka yi ƙanana, babu kuma wani abu a hoton da ido zai gwada girmanta da shi. Ta rubuta tsawo da faɗi a bayanin kaya, amma mutane ƙalilan ne ke ɗauko abin awo kafin su saya.

Akwai wanda zai ce ai ido ba ya ruɗuwa haka da sauƙi. A watan Fabrairun 2015 hoton wata riga ya zagaye duniya, wasu suna rantsuwa fara ce da ruwan zinare, wasu suna cewa shuɗiya ce da baƙi. Rigar ta kamfanin Roman Originals ce na Ingila, kuma shuɗiya ce da baƙi. An ɗauki hoton da waya, haske ya yi masa yawa, babu kuma abin da zai nuna wa ƙwaƙwalwa irin hasken da ke wurin, sai kowa ya cike giɓin da zatonsa. Hoton kaya a kan farin bango tsirara yana da irin wannan rauni, domin an cire duk abin da ido zai dogara da shi.

Sake ɗauka

Matakin farko bai ci ko sisi ba: aka kashe fitilar silin, aka rufe taga da baƙin yadi. Haske iri ɗaya kawai ake so a ɗakin. Na yi amfani da filasha, wato fitilar ɗaukar hoto mai walƙiya, domin haskenta yana kusa da na rana, kuma yana ɗauke da launuka duka har da ja mai zurfi. Wanda ba shi da ita zai iya aiki da taga kaɗai, muddin ya kashe sauran fitilu, sai dai hasken taga yana canzawa daga safe zuwa yamma, ko gajimare ya gifta, don haka da wuya hotunan kala uku su fito iri ɗaya. Na sa filashar a cikin babban akwatin tausasa haske, daga gefe, ta ɗan ɗaga sama. A ɗaya gefen na tsayar da farin kwali yana mayar da haske cikin inuwa.

Kafin jaka ta hau tebur, katin launi ne ya fara hawa. Kati ne mai murabba'i 24 da aka san lambar kowannensu, ana kiransa ColorChecker, tun 1976 ake aiki da shi. Layinsa na ƙasa ya tashi daga fari ya bi ta ruwan toka ya ƙare a baƙi. Ana ɗaukar hotonsa a daidai wurin da kayan zai zauna, da hasken da za a yi aiki da shi. A kwamfuta sai a nuna wa manhaja murabba'in ruwan toka a ce wannan ba shi da launi, ita kuma ta daidaita sauran a kansa. Daga katin ne kuma ake gina bayanin da ke gyara yadda wannan kyamarar take ganin ja da shuɗi a wannan hasken, domin kowace kyamara da irin karkatarta. Wanda bai da wannan katin, ko katin ruwan toka na kashi 18 cikin 100 ya samu, ya yi rabin aikin. Farar takardar ofis ba ta maye gurbinsa, saboda ana zuba mata sinadarin da ke sa ta ɗan yi shuɗi don ta ƙara fari a ido.

Na ɗauka a tsarin RAW, wanda ke ajiye abin da kyamara ta gani kafin ta yanke hukunci a kansa. JPEG mataki 256 yake da shi a kowane launi, RAW mai bit 14 yana da 16,384. Amfaninsa a nan shi ne ana iya daidaita fari bayan an ɗauka ba tare da an lalata komai ba, jan kuma yana da sarari kafin ya kai maƙura. Kyamara tana kan ƙafa uku, gilashi mai milimita 100 wanda ke jawo abu daga nesa, na ja baya sosai har siffar jakar ta tsaya yadda take. Ƙofar haske, wato hudar da haske ke bi ya shiga kyamara, na tsayar a f/11, inda jakar ta fito tar daga zif na gaba zuwa hannun baya. Idan aka matse ƙofar fiye da f/16 hoton yakan fara laushi gaba ɗaya, don haka ba a samun riba a can.

Farin bango shi ne inda aka fi yin kuskure, don haka a nan na fi daɗewa. Kasuwar intanet ta Amazon, alal misali, tana so babban hoton kaya ya kasance a kan fari tsantsa, wato 255 a duka lambobi uku, kayan ya cika aƙalla kashi 85 cikin 100 na hoton, babu rubutu ko tambari a kai. Wasu kasuwannin ma sun bi wannan salo. Hanyar samun wannan farin ita ce a raba bango da kaya, kowanne da haskensa. Na janye jakar nesa da bango, na ba bangon fitilarsa daban, na riƙa ƙara mata ƙarfi kaɗan-kaɗan har ya taɓa fari, na tsaya a nan. Idan aka wuce, bangon da kansa yakan zama fitila, haskensa ya kwararo ta bayan jakar ya cinye gefunanta, ya shiga gilashi ya wanke kalar. Nisan yana taimakawa, domin haske yana raguwa da sauri: idan ka ninka nisa sau 2, kashi 1 cikin 4 ne ke isowa. A gefe da gefe na tsayar da baƙaƙen kwalaye a wajen hoto, suka zana wa jakar siririn duhu a baki, ta rabu da bangon sarai.

Fata tana da sheƙi, kuma akwai gilashin da ake ɗaura wa kyamara ya kashe sheƙi. Na gwada shi, na juya shi har sheƙin ya mutu duka, sai jakar ta fito da kala mai kyau amma ba ta yi kama da fata ba. Sheƙin ne ke gaya wa ido cewa abin nan yana da laushi, yana da ƙwaya, yana lanƙwasa. Na mayar da shi rabi. Ƙarafan igiya da zif kuwa madubi ne, abin da ke gabansu suke nunawa, don haka abin da suke kallo ake haskawa. Na sa farin kwali a inda suke kallo, na bar siririn baƙi a gefensa don su nuna ƙarfe ne mai kauri.

Wani ƙaramin abu da muka yi gardama a kai shi ne cusa takarda a cikin jakar. Dole a cusa, in ba haka ba ta kwanta. Amma a hoton farko an cusa har ta yi tim, ta ɗauki siffar da ba za ta taɓa yi a kafaɗar mutum ba. Na rage har ta tsaya kamar yadda za ta tsaya da kayan yau da kullum a ciki, da ɗan lanƙwasarta a sama.

Allon da na yi gyara a kai an daidaita shi da na'urar awo, farinsa a Kelbin 6500, haskensa kuma matsakaici. Allon da ba a daidaita ba yakan zo daga kamfani da haske mai yawa da kala mai ƙarfi, sai mai gyara ya yi ta gyara laifin allonsa yana zuba shi a cikin hoto. Na ajiye jakar kusa da allon a ƙarƙashin fitila mai launin hasken rana, ina duba wannan ina duba wancan. Gyaran da na yi kaɗan ne: na cire ƙura da zaren da ya maƙale, ban taɓa tabon fata ko ɗaya ba. Na fitar da hotunan a tsarin launi na sRGB, wanda kamfanonin HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne kuma intanet ta ginu a kai. Akwai tsarin Adobe RGB na 1998 da ya fi shi faɗi, masu ɗab'i suna son sa, amma idan shafi ya cire bayanin da ke jikin hoton, sai a karanta lambobinsa kamar na sRGB, kalar ta fito a dushe. Dogon gefen kowane hoto na bar shi fiksel 2000, wato ɗigo 2000, domin sai hoto ya kai 1000 Amazon take bari a zuƙo shi, ta kuma fi son 1600 ko fiye.

Inda muka saɓa

Da ta ga sabon hoton ba ta yi murna ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Malam, wannan ai ba ta kai waccan kyau ba. Wa zai tsaya a kanta?" Ban ɗauki maganarta da wasa ba, domin ta san kasuwarta fiye da ni. A shafin da jakunkuna da yawa suke jere, kowacce ƙaramar murabba'i, ja mai haske ce ke fizgar ido. Tsohon hoton ne ya sa jakar ta zama wadda aka fi saya. Sabon hoton zai rage masu dannawa, kuma na gaya mata haka tun kafin ta sa shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne, waɗanda tsohon hoton yake jawowa masu neman jar jaka ne, ita kuwa ba ta da jar jaka. Duk wadda ya jawo, ko ta dawo da kayan, ko ta riƙe shi da ɓacin rai ba ta sake dawowa ba, kuma wannan ta biyun ba ta bayyana a lissafin kowa. Masu neman ruwan hanta kuma, waɗanda za su karɓi jakar su ji daɗi, suna wuce ta domin sun ga ja. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba ya dawowa da ƙorafi. Na ce mata idan jar ce kasuwa take so, hanyar ita ce ta sa majemi ya rina mata ja, mu ɗauke ta ja.

Ba ta yarda duka ba, ni ma kuma na sassauta a wani wuri. Ta nuna min cewa a cikin rana jakar tana yin ja fiye da yadda hotona ya nuna, kuma haka ne. Fata mai wannan rini fuska biyu gare ta, ta inuwa da ta rana, duka kuma nata ne. Sai muka bar babban hoto a kan farin bango da kalar da aka auna, muka ƙara hoto na biyu a hasken rana, a kafaɗar mutum, aka rubuta a ƙasansa cewa a rana aka ɗauka. Wannan hoton ya kashe tsuntsu biyu, domin shi ya warware maganar girma. Muka ƙara wani da jakar a buɗe, da waya da littafi mai girman A5 a ciki, wato milimita 148 da 210, abin da kusan kowa ya taɓa riƙewa. Sai na kusa sosai da ke nuna ƙwayar fata da ɗinki, har da wani ɗan layi na halitta da ke jikin fatar, wanda ta so a goge na ce a bar shi. Na ƙarshe kala ukun ne a jere a hoto ɗaya, domin ido ya fi gane ruwan hanta idan ga baƙi ga ruwan ƙasa a gefensa. A bayanin kaya ta cire "ja" ta rubuta ainihin kalar.

Abin da ya biyo baya

Masu danna jakar sun ragu, kamar yadda muka zata, kuma makonnin farko ba su yi mata daɗi ba. Ciniki ma ya ɗan sauka. Amma dawo da kaya saboda kala ya kusa tsayawa cak, na girma kuma bai sake zuwa ba. Sharhin da ke shigowa ya canza, aka fara samun masu rubuta cewa yadda suka gan ta haka ta zo. Da ta zauna ta cire kuɗin aikawa da dawowa da jakunkunan da suka lalace a hanya, ta ce abin da ke saura a hannunta ya fi na da. Daga baya ta sa aka rina mata ja ta gaske, ta zama kala ta huɗu.

Akwai abin da ya fi ƙarfin mai ɗaukar hoto, wato allon mai saye. Tun daga iPhone 7 a 2016 wayoyi da yawa suke zuwa da allo mai nuna launuka fiye da sRGB, wasu kuma an saita su tun daga kamfani su ƙara wa kala armashi. Ga kuma saitin dare da ke mayar da allo rawaya-rawaya don hutar da ido, mutane da yawa kuwa da dare suke sayayya. Har yanzu akan sami mai cewa jakar ta ɗan fi duhu. Abin da ake iya yi shi ne a tsaya a tsakiya daidai, yadda duk allon da ya karkata ba zai yi nisa da gaskiya ba. Idan hoton da kansa ya riga ya karkata, karkatar allo sai ta hau kan tasa.

Sai kuma fatar kanta. Rini ba ya fitowa iri ɗaya kowane zuwa, kuma wani zuwan da aka kawo mata daga baya ya fi na farko duhu kaɗan. Saboda haka muka yanki ƙyallen fatar da aka ɗauki hoto da ita, aka rubuta kwanan wata a bayansa, aka ajiye shi a cikin ambulan inda rana ba za ta koɗar da shi ba. Duk sabuwar fatar da ta iso, tana haɗa ta da ƙyallen a bakin taga, fitila a kashe. Idan sun yi daidai hoton yana nan. Idan sabuwar ta kauce har ido ya gani, a sake ɗauka. Na rubuta mata tsarin a takarda guda: nisan fitila da tsayinta, nisan jaka da bango, saitin kyamara, da inda kowane kwali yake tsayawa, aka kuma manna tef a ƙasa a inda ƙafafun kyamara suke zama. Da wannan takardar aka ɗauki fatar da ta fi duhu, da ita kuma aka ɗauki sabuwar jar, hotunan suka jeru a shafin da haske ɗaya da inuwa ɗaya.